Jinyar Inna a Hannun 'Yar Fari

Abin da ya fi sauya mini a duniyar nan shi ne sautin safiya. A ƙauyenmu, can bayan Bungudu ta wajen Karakkai, ba zakara ke tashe mu ba, turmi ne. Da an sallame sallar asuba sai ka ji taɓarya ɗaya ta fara daga wani gida, a hankali, kamar mai gwada ko gari ya farka. Sai wata ta amsa daga bayan danga, sai wata can gaba, har ka ji ƙasa tana motsi ƙarƙashin tabarmar da kake kwance. Tsakanin dakan nan akwai kukan maruƙan da aka ware daga iyayensu, da ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, da tarin tsofaffi a zaure, da muryar wata tana aiken yaro ya ɗebo wuta a maƙwabta. Kowace mace da irin dakanta, kuma mun san su kamar yadda muka san muryoyinsu. Na Inna, mahaifiyata, ba ya ɓuya. Takan jefa taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta cafe, kuma in suka haɗu su uku a turmi ɗaya, nata bugun ne ke jan sauran. Yanzu kuwa, a Sabon Garin Gusau inda nake zaune, abin da ke tashe ni injin niƙa ne da hon ɗin 'yan kabu-kabu, sai kuma wani ɗan sauti daga gadon da ke gefen nawa: cokali yana taɓa bakin kwano. Inna ce ke kira, don ba ta da wata hanyar kira da ta fi wannan sauƙi.

Ni ce 'yar fari. Yaran yanzu in na gaya musu abin da wannan ke nufi a zamaninmu sai su ɗauka tatsuniya ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna a gaban mutane cewa nata ne. Ana yaye ni yayar babana, Goggo, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta goya ni ta tafi da ni Tsafe. Can na tashi, bakin babbar hanya, inda manyan motoci masu zuwa Funtua ke tsayawa direbobi su ci abinci. Goggo tana tuyar ƙosai da safe, da rana ta dama fura. Aikina tsince wake da wanke ƙwarya da hura wuta har idona ya yi ja. Ita ta koya mini ɗaurin zane da kitso da yadda ake gaida manya, ita ce kuma ta yi tsaye sai da aka sa ni makaranta. Ƙauye sai da kaka nake zuwa, in hatsi ya shigo gida. Zan sauka daga bayan keken wani baffana da ƙurar hanya a ƙafata, in shiga da gudu in tarar da Inna tana shiƙa. Ba za ta ɗago ba. Sai ta ce da duk wadda ke kusa, “Ku ba 'yar Tsafe ruwa.” Ƙannena kuwa suna ta hawa bayanta, suna jan ɗankwalinta, tana ture su tana dariya. Ni ina bakin ƙofa da moɗa a hannu ina kallo.

Na taɓa tambayar Goggo a hanyarmu ta komawa ko wani laifi na yi wa Inna. Ta tsaya ta gyara mini ɗaurin kallabi, ta ce, “Ba ƙin ki take yi ba, ɗiyata. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. In ta kira sunanki gobe mata su yi da ita a bakin rijiya.” Na ce to. Amma yaro ba ya gane irin wannan bayani, abin da ya sani shi ne an rungumi wani ba a rungume shi ba.

Wata shekara damina ta daɗe, gulbi bai janye da wuri ba. Na bi mata zuwa wanki. Ni da na tashi bakin titi ban san ruwa ba, na bi sauran yara kan wani falalen dutse mai santsi, ƙafata ta zame. Abin da nake tunawa shi ne launin ruwan, ja kamar kunun kanwa, da yadda duk hayaniyar duniya ta ɗauke lokaci ɗaya. Sai wani hannu ya damƙe ni a damtse, damƙar da ta bar mini shaida har na koma Tsafe. Inna ce, ta faɗo ruwan da zanenta. Ta jawo ni kan yashi, ta danna cikina har na amayar da ruwa na fara tari. Tana jin tarin nan ta miƙe, ta ce da matar baffana, “Riƙe ta,” ta koma wurin wankinta. Ina kwance a cinyar wata ina kallonta. Ta ɗauki zane za ta matse, zanen ya suɓuce ya faɗa ruwa. Ta ɗauko, ya sake suɓucewa. A hanyar gida mata suna tafe da kaya a ka suna yabon ta. Wata tsohuwa ta ce, “Kun ga mace. Ruwa ya ɗauki ɗiyarta, ko sunanta ba ta kira ba.” Ina bayansu ina ji. Ban san ko in yi alfahari ko in yi kuka ba, kuma har yau ban yanke wannan hukuncin ba. Sai dai daga ranar ban sake tambayar ko tana so na ba.

Haka muka rayu, ni da ita, shekara da shekaru. Na yi karatu, na zama malamar firamare, aure ya kawo ni Gusau. In na je gaishe ta sai in durƙusa daga ƙofa, ta amsa tana kallon gefe, ta tambayi lafiyar yara ta bakin wata. In zan tafi sai in tarar da daddawa da kuka da man shanu a cikin kayana, ba wanda zai ce ga wanda ya sa. Baba ya rasu, Goggo ta rasu, ƙannena mata biyu suka riga mu gidan gaskiya, sai ya zama mu biyu muka rage mata, ni da autanmu da ke aiki a Abuja. Ni ma maigidana ya rasu, 'ya'yana kowa ya kama gabansa, na ajiye aiki. Ƙauyen kuma ya fara raguwa tun da daji ya daina zama lafiya. Gida bayan gida aka ɗaure kaya aka shigo gari. Mun yi da Inna ta taso, ta ƙi. Takan ce da autan, “In na tafi wa zai ba awaki ruwa?”

Matar maƙwabcinta ce ta ba ni labarin yadda abin ya faru. Ta ce da hantsi tana jin Inna tana surfe, sai dakan ya tsaya a tsakiya, ba irin tsayawar mai hutawa ba. Ta saurara ba ta ji tari ba, ba ta ji motsi ba. Da ta leƙa sai ta gan ta kwance gefen turmi, baki ya karkace, kaji suna tsattsagar dawar da ta zube. Maza biyu suka sa ta tsakiya a kan babur har Bungudu, daga nan aka samu mota zuwa asibiti a Gusau. A bakin ƙofa na tare su. Idonta biyu, tana ganin kowa, amma ɓarin jikinta na dama kamar ba nata ba, kuma in ta buɗe baki sai wani gurnani ya fito. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe ba a sani ba, ya taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya kawo shanyewar ɓarin jiki da ɗaukewar magana. Ya ce tana iya samun sauƙi, amma sai da magani da gashi, wato motsa mata gaɓoɓi a asibiti, da mai kula da ita ba dare ba rana, a riƙa juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Dangi da suka zo dubiya wasu suka ce iska ce ta buge ta, suka kawo turare da rubutu. Na karɓi addu'ar kowa da hannu biyu, na kuma ci gaba da ba ta ƙwayoyin da likita ya rubuta.

Da aka sallame mu na kawo ta gidana. Ɗaki biyu ne a cikin gidan da muke zaune da wasu maƙwabta. Washegari na dafa ruwa na zuba a baho, na kawo soso da sabulu, na miƙa hannu zan kwance mata zane. Sai hannunta na hagu, wanda ya rage da rai, ya damƙe bakin zanen, ta juya fuska bango. Na ce, “Inna, wanka ne.” Ta ƙara damƙewa. Na bar wankan na kawo kunu, na kai cokali bakinta, ta datse haƙora. A asibiti ma'aikata ke yi mata komai, ban lura ba sai ranar. Ina tsaye da kwano a hannu sai ga maƙwabciyata, Maman Bulus, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna mai ɗan shago a ƙofar gida, mijinta ma'aikacin gwamnati. Ta leƙo gaisuwa, ta ga halin da muke ciki, ta ce, “Malama, ba ni in gwada.” Ta zauna bakin gado ta ce, “Mama, buɗe baki, ni ce.” Inna ta buɗe. Ta shanye kunun tas. Sannan ta saki zanen, Maman Bulus ta yi mata wanka, ni ina waje bayan labule riƙe da tawul.

Da ta fito ta ga fuskata. Ta ce, “Kada ki sa abin a ranki. Uwata ma da ta kwanta ni ta fi yi wa faɗa.”

Na ce, “Ba faɗa take yi mini ba. Kunyata take ji.”

“Kunya? Ke da kike da jikoki?”

“A wurinta har yanzu 'yar fari ce ni.”

Ta girgiza kai, ba ta gane ba, amma ba ta ƙara tambaya ba. Daga ranar, safe da yamma, sai ta bar shagonta ta shigo. Ni ke dafa ruwa, ni ke wanke shimfiɗa, ni ke dama kunu da tuƙa tuwo mai laushi, ita ke kaiwa baki. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan, ban taɓa jin ta yi tsaki ba. Amma ba zan ɓoye ba, akwai zafi a tsayuwa bayan labule kana jin uwarka tana miƙa jikinta ga wadda ko sunan ƙauyenku ba ta sani ba.

A tsayuwar nan nake tuna jinyar kakata ta wajen uba. Ta daɗe a kwance, amma ban taɓa jin an ce wance ce mai jinya ba. Gida cike yake da mata. Wannan ta juya ta, waccan ta yi wanka, wata ta shigo da gyaɗarta tana ɓara tana ba ta labarin wanda ya haihu da wanda akuyarsa ta ɓace. Da yamma maza su dawo daga gona su tsaya bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya suna cewa, “Ya jiki, tsohuwa?” Ɗakin mara lafiya ya fi kowane ɗaki hira. Ba a taɓa buƙatar 'yar fari ta ga tsiraicin uwarta ba, don hannaye sun yi yawa. Sai yanzu na gane cewa al'adar nan don cikakken gida aka yi ta. Gidan ya watse, al'adar ta rage a jikin tsohuwa ɗaya. Ni da na haihu na yi alkawari ba zan yi wa nawa ɗan farin haka ba. Na kira sunansa, na goya shi a gaban kowa, har yau in ya kira waya da sunan wasa nake amsa masa. Amma yana can wata uwa duniya, sai in shekara ban ga fuskarsa ba sai a gilashin waya. Iyayenmu ba su kira suna ba amma suna kusa, mu mun kira, kowa ya yi nisa.

Masu dubiya suka yi ta zuwa da farko, da lemo da ayaba, daga baya ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifin kowa ba, kowa da abin da ya dame shi. Na daina zuwa biki da suna, ta'aziyya ma sai dai in aika. Fitata ba ta wuce kai ta gashi asibiti da dawowa. Abin da ya fi nauyi shi ne tsakar rana, in yara sun tafi makaranta, gidan ya yi tsit, zafi ya sauko daga kwano. Ita tana kallon bango, ni ina kallon bayanta. Akwai maganganu da yawa a cikina da na tara tun ina yarinya, ina cewa in na girma wata rana za mu zauna. Ga shi mun zauna, ɗaki ɗaya, ita babu baki, ni kuma ban san ta inda ake farawa ba.

Ana haka mijin Maman Bulus ya ajiye aiki, suka yanke shawarar komawa garinsu gaba ɗaya. Ranar tafiya ta shigo ta durƙusa gaban gado tana kuka, Inna ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba. Da ta fito ta ce da ni, “Malama, za ta yarda. Yunwa za ta sa ta yarda.” Ba ta san Inna ba. Ranar ta wuce Inna ba ta ci komai daga hannuna ba sai ruwan da na ajiye ta laluba da kanta, rabi a baki rabi a matashi. Washegari ma haka. Na nemi wata 'yar uwa da ke Tudun Wada ta zo, ta yi yini ɗaya ta ce mijinta bai yarda ta riƙa barin gida ba. Ɗakin ya fara wari. Da na ɗaga shimfiɗa ta gefe tana barci sai na ga jan tabo a ƙugunta, irin wanda likita ya gargaɗe ni a kai. Idonta ya faɗa, leɓenta ya bushe. Na gane cewa matar nan ta gwammace ta mutu da ta bari in taɓa ta, kuma in na ci gaba da tsayuwa bayan labule, a gabana za ta mutu.

Bayan azahar na dafa ruwa, na shigo da shi, na rufe ƙofa na sa sakata. Na durƙusa a bayanta. Tun da aka haife ni ban taɓa yi mata magana mai tsawon wadda na yi ranar ba.

Na ce, “Inna, Maman Bulus ta tafi, ba za ta dawo ba. Goggo ba ta duniya, ƙannena mata ba su duniya, matan gidanmu kowa ya watse. Na duba ko'ina, babu hannun da ya rage miki sai nawa. Na san ba haka kika so ba. Ni ma ba haka na so ba. Amma na rufe ƙofa, babu mai ganin mu, babu mai kai labari bakin rijiya. Ba zan kalli fuskarki ba, ba zan yi magana ba. Ki rufe ido ki ɗauka wata ce.”

Ba ta motsa ba. Na zauna ina jin ruwan yana hucewa, ina jin wani mai gyaran takalmi yana wucewa a waje yana buga akwatinsa. Har na fidda rai. Can sai na ga yatsunta suna sakin bakin zanen ɗaya bayan ɗaya, hannun ya sauka kan katifa.

Na shimfiɗa mata wani zane a sama, na yi wankan ta ƙarƙashinsa, daga baya na fara. Ban san ta ƙanƙance haka ba. Bayan da ya ɗauki dammunan hatsi ya goyi 'ya'ya, duk ƙasusuwa ne ana iya ƙirgawa. Na ga hawaye yana gangarowa daga rufaffen idonta zuwa kunne, nawa kuma yana ɗiga cikin baho. Da na gama na shafa mata man kaɗanya, na sauya shimfiɗa, na kawo kunu mai ɗumi. Ta sha, ido a rufe. Haka muke yi har gobe, in na shigo da ruwa sai ta rufe ido, ni kuma in kama bakina.

Sauƙi ya zo kaɗan-kaɗan. Tabon ya warke. Ta fara zama in an jingina ta da matashi. Mai gashi ya ce a bar ta ta riƙa ci da kanta, amma ta ƙi kai abinci baki da hannun hagu, sai da na roƙi limamin unguwa ya zo ya tsaya bakin ƙofa ya ce, “Inna, lalura ce. Wanda ya karɓi na daman ya san da na hagun ya bar ki. Ki yi bisimilla ki ci.” Daga ranar ta riƙe cokali. Kalmomi ma suka fara dawowa jefi-jefi, “to” da “ruwa” da “Allah”, kowace sai ta yi gumi kafin ta fito. Hannun dama dai bai dawo ba. Kullum da safe nakan ɗauke shi in miƙar da yatsun kamar yadda aka nuna mini, hannun da ya fizgo ni daga gulbi, yanzu ba ya iya korar ƙuda.

Autanmu yana kira kusan kullum, yana aiko da abin da ya samu, bai taɓa gazawa ba. Da ya samu hutu ya zo da babbar mota. Yana sallama fuskar Inna ta washe, rabin bakin da ke motsi ya yi murmushi, ta kama kunnensa ta ja kamar yana yaro. Bayan ya ci abinci ya kira ni tsakar gida ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, “Yaya, kin ga yadda kika koma? Ke ma fa an ce jininki ya hau, ga ciwon baya. Kin yi naki. Na gyara ɗaki, na samo mai kula da ita, ga asibiti kusa da gida. Ki bari in tafi da ita.”

Ban musa ba. Na gaji, gajiyar da barci ba ya gyarawa. Kuma na tabbata ita ma za ta fi so, don a can ba sai ta rufe ido ba, ga kuma wanda take dariya da shi. Na shiga na kwashe zannuwanta da magungunanta na cusa a jaka, ya kai mota. Ya durƙusa ya ce, “Inna, za mu tafi wurina.” Ta ce, “To,” amma ita komai aka faɗa mata “to” take cewa. Muka ɗaga ta muka ɗora a keken marasa lafiya, ya turo. Muna isowa ƙofar ɗaki sai hannunta na hagu ya kama jikin ƙyaure, keken ya tsaya.

Ya ce, “Mene ne, Inna? An manta wani abu?”

Bakinta ya fara motsi. Muka tsaya muna jira, jijiyar wuyanta ta tashi.

“Bar... ni.”

“In bar ki ina, Inna?”

Ba ta kalle ni ba, shi take kallo. “Wurin... yayarka.”

Ya dube ni, ya sake sunkuyawa. Ya ce a hankali, “Inna, Yaya ta gaji. Ita ma ba ta da lafiya. In ta faɗi wa zai ɗauke ku?”

Na ga maganar ta shige ta. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta saki ƙyauren da kanta, ta ɗora hannun a cinya, ta ce, “To.” Wannan karon na san ta san abin da take cewa. Ya kama keken zai tura, sai na ji hannuna a kan nasa.

Na ce, “Wa ya ce maka na gaji? Je ka ɗauko jakar.”

“Yaya...”

“Ɗauko jakar, Auta. Ka riƙa zuwa dai, ka kawo mata yara ta gani.”

Ya tsaya yana kallon mu, ya share fuska da hularsa, ya fita. Bayan la'asar ya kama hanya don kada dare ya yi masa. Na raka shi ƙofar gida na tsaya har motar ta sha kwana. Shagon Maman Bulus yana nan a rufe da kwado, ba wanda ya kama. Gaskiyarsa ce, na gaji, kuma gobe ma ni kaɗai zan ɗaga ta, ba wanda zai yi sallama ya ce ba ni in gwada. Na san abin da na zaɓa.

Na koma ciki na zauna bakin gadonta, na buɗe jakar, na fara fitar da zannuwan ina ninkewa. Na ninke ɗaya na ajiye, na ɗauki na biyu, sai na ji ta ce, “A'a.” Na ɗago. Ta miƙo hannun hagu ta jawo zanen kan cinyarta, ta laluba ta haɗa baki da baki, ta mayar da gezar ciki, ta danne da tafin hannu, ta turo mini. Na ɗauko wanda na riga na ninke na warware shi, na sake ninkewa yadda ta nuna. Ta duba, ta ce, “To.” Na ɗauki na gaba.